Wane fure ne wannan mai yaɗo a rairayin bakin teku?

Bakin_Ruwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san tsirrai. Akwai wata ciyawa mai yaɗo a kan rairayin bakin teku, sama kaɗan da inda igiyar ruwa ke kaiwa. Furenta kamar mazurari yake, ruwan hoda mai sirkin shunayya, can cikinsa ya fi duhu, faɗinsa kusan santimita 5. Da safe a buɗe yake, kafin la'asar ya yanƙwane. Ganyen yana da kauri da sheƙi. Na ɗauki hoton furen, manhajar waya ta ba ni suna biyu daban. Ta yaya zan tabbatar?

Mai_Tsirrai:
Wa alaikumus salam, malam. Ajiye maganar fure tukuna, ganye ne zai raba gardama. Dangin wannan ciyawa suna da yawa, kuma furensu kusan iri ɗaya ne, shi ya sa manhajar ta rikice da ka ba ta hoton fure kaɗai.

Dubi bakin ganyen. Idan yana da tsaga a tsakiya har ya yi kama da sawun kofaton akuya, kuma ganye ɗaya ne a kowace gaɓa, wannan hagu wancan dama, to kusan babu shakka Ipomoea pes-caprae ce. Ma'anar sunan da Latin ma ke nan, ƙafar akuya. 'Yar'uwar duman kada ce da dankalin Hausa, jinsinsu ɗaya. Sai ka tsinke ganye guda ka duba wurin da ya tsinke: farin ruwa zai fito kamar nono, mai ɗan danƙo. Ka bi yaɗon da ido, za ka ga yana sakin saiwa a gaɓoɓi yana kama rairayi, kuma yakan yi tsawon da ya kai mita 30. 'Ya'yanta ɗan ƙulli ne zagayayye, idan ya bushe ya tsage ya fitar da ƙwaya 4 masu gashi. Ƙwayoyin suna iyo a ruwan gishiri ba su lalace ba, dalilin da ya sa ake samunta a gaɓar tekun ƙasashe masu zafi kusan ko'ina a duniya.

Idan bakin ganyen babu tsaga, zagaye yake kamar ƙoda, sai ka yi zargin duman kada ce kanta, ita ta fi son ƙasa mai dausayi.

Uwar_Lambu:
Malam ya yi bayani, amma akwai wata da ke yaudarar mutane don tare suke fitowa, yaɗonsu ma yakan sarƙe da juna: Canavalia rosea, waken bakin teku. Launin furen kusan ɗaya. Bambancin shi ne ganyenta uku-uku ne a kan sanda ɗaya kamar na wake, furenta ma irin na wake ne, ba mazurari ba, kuma tana yin kwanso mai faɗi da kauri. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki hoton furen wannan da ganyen waccan. Ka kama furen ka bi sandarsa da yatsa har zuwa ganyen da ke kusa da shi, sannan ka ɗauki hoto. Kada a ɗanɗana ɗanyen waken nan, yana da guba.

In kuwa an ga mai mazurari fari da rawaya a ciki, wannan Ipomoea imperati ce.

Bakin_Ruwa:
Na gode ƙwarai. Wane irin hoto ya kamata in ɗauka? Kuma zan iya busar da ita in kai wa masani?

Mai_Tsirrai:
Hoto biyar sun isa: tsiron gaba ɗaya a inda yake, fure ta gaba, fure ta gefe yadda za a ga korayen ɓawon da ke riƙe da gindinsa, ganye ciki da bai, sai 'ya'ya in akwai. Sa ma'auni ko yatsanka a gefe don a gane girma. Ka je kafin ƙarfe goma na safe, in rana ta take furen ya rufe. Sa su duka a manhajar gane tsirrai ta iNaturalist ko Pl@ntNet tare da wuri da kwanan wata.

Busarwa kuwa, yanki reshe mai kimanin santimita 30 da ke ɗauke da ganye da fure, kada ka tuge saiwa, ita ke riƙe rairayin kada iska ta kwashe. Karkaɗe yashin, shimfiɗa shi cikin tsohuwar jarida, kwali sama da ƙasa, ka ɗora abu mai nauyi. Nan ne ake yin asara: ganyen bakin teku yana riƙe ruwa sosai, in ba ka sauya jarida kullum a kwanakin farko ba sai ya yi fumfuna ya baƙanta. Furen kuma siriri ne, manne wa takarda yake yi ya yage, don haka buɗe shi a kan takarda mai laushi tun a bakin ruwan, kada ka ɗaga shi sai ya bushe. Rubuta launinsa tun yana ɗanye, domin in ya bushe launin gushewa yake.