Wane suna za mu ba tanwim magnaɗisi da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan uwa na Makka, Jidda da Madina. Akwai kalmar da ta daɗe tana mana yawo a baki ba mu da Hausarta, yanzu kuma ta shigo jawwal ɗin 'ya'yanmu, wato wayoyinsu na hannu. Turawa na ce mata hifnosis, a nan ƙasar kuma tanwim magnaɗisi. Manhajoji sun fito da ke yi wa mutum wannan abu ba tare da likita a gabansa ba: ka sa abin sauraro a kunne, murya ta yi ta yi maka magana. Ina so mu tsayar da sunan Hausa, na abin da kansa da na manhajar, kafin kowa ya laƙaba masa nasa.

Sai an ga jariri ake raɗa masa suna, don haka ga abin da ake yi a zama ɗaya. Mutum zai zauna ko ya kishingiɗa. Muryar za ta ce ya kafa ido a wuri guda, ko ya ɗaga ƙwayar idonsa sama sannan ya lumshe sannu a hankali, ya ja numfashi ya sake. Sau da yawa ana ƙirga masa daga goma zuwa ɗaya. Idan tunaninsa ya taru wuri ɗaya har hayaniyar waje ta yi masa nisa, sai a fara faɗa masa abin da ake so ya zauna masa a rai: zafin gwiwar nan yana komawa sanyi, cikinka yana lafawa, jikinka ba ya bukatar hayaƙin taba. A ƙarshe a sake ƙirgawa a dawo da shi. Yana jin komai, yawanci yana tuna abin da aka faɗa, kuma in ya ga dama zai buɗe ido ya tashi.

Ɗalibanmu na Jami'ar Musulunci ta Madina sun kawo "barcin maganaɗisu". Malamai, na san daga inda kuka ɗauko, fassarar Larabcin ce daidai. Amma kalmomin biyu duk gadon kuskure ne. Maganaɗisun ya fito daga Franz Mesmer, likitan da ya bar Biyana ya koma Faris a 1778, yana cewa akwai wani ƙarfi da ba a gani mai gudana a jikin ɗan Adam, shi kuma yana iya sarrafa shi ya warkar. A 1784 Sarki Louis na 16 ya kafa kwamiti, har da Benjamin Franklin a ciki. Suka rufe wa mutane ido suka gwada. Wanda ya ɗauka ana yi masa aikin sai jikinsa ya amsa ko da ba a yi komai ba, wanda ake yi wa bai sani ba kuma shiru. Suka ce babu wani ƙarfin maganaɗisu, tunanin mutum ne ke aiki. Abin da aka binne fiye da shekara 200, ban ga dalilin tono shi mu sa wa Hausa ba.

Barcin kuma daga James Braid ne, likitan fiɗa a Manchesta, wanda littafinsa na 1843 ya yaɗa sunan nan na Turawa da aka ɗauko daga kalmar Girkanci mai nufin barci. Shi kansa daga baya ya ga sunan bai dace ba, ya nemi maye gurbinsa da wani mai nufin tsayuwar hankali a kan tunani guda, amma bakin jama'a ya riga ya saba. Na'urar auna motsin ƙwaƙwalwa ta nuna wanda ke cikin wannan hali a farke yake. In muka ce barci, duk wanda ya gwada manhajar ya ji yana jin ƙarar mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, da kiran salla, zai ce ba ta yi aiki ba.

Baba Alhaji daga unguwar Shari'a Mansur ta Makka ya ce ai wannan rufa-ido ne, ko siddabaru, ba sai an wahala ba. Baba, Allah ya ƙara girma, a nan ne kawai zan roƙi a yi mini uzuri. Rufa-ido aikin mai dabo ne da ke yaudarar idon 'yan kallo. A nan babu ɗan kallo, kuma ba a ɓoye wa mutum komai, ana gaya masa abin da za a yi tun kafin a fara.

Maganar ta fi haka nauyi a ƙasar da muke zaune. Lajna Da'ima, kwamitin fatawa na nan Saudiyya, yana da fatawa sananniya da ta bayyana tanwim magnaɗisi a matsayin wani nau'in bokanci da ake amfani da aljani a cikinsa, ya hau mutum ya yi magana da harshensa, kuma ta hana. Ni ba mai fatawa ba ne, kuma ba na wasa da maganar malamai. Abin da nake so shi ne, idan ƙanwarmu ta je tambayar malami a kan manhajar da ke wayarta, ta sami kalmar da za ta siffanta abin yadda yake: murya ce da aka naɗa, tana cewa ja numfashi, tattara tunaninki. Malami ya yi hukunci a kan abin da aka siffanta masa. In sunan da kansa ya riga ya ce tsafi ne, an rufe ƙofar tambaya. In kuma sunan ya yi ta ƙawata abin, mai aiki da aljanu na gaske zai fake a bayansa.

Shawarar da ta fi kusa ita ce ta wata Yayarmu ma'aikaciyar jinya a Jidda: "natsar da hankali". Yaya, kin kusa ƙwarai. Matsalar ita ce natsuwa ta yi faɗi. Mai zikiri bayan asuba yana cikin natsuwa, haka wanda aka rarrasa bayan tashin hankali. Canjin wasali ɗaya nake nema: nutsar da hankali. Bahaushe ya riga ya san mutum ya nutse cikin tunani, ko ya nutse a karatu har a kira shi sau biyu bai ji ba. Wannan shi ne halin, sai dai a nan da gangan ake shiga, kuma da jagora. Wani ya ce nutsewa na tuna masa da wanda ruwa ya ci. Gaskiya ne, amma da zarar an haɗa ta da hankali ba wanda zai tuna kogi.

To aikin shi ne nutsar da hankali, halin da mutum ke shiga nutsewar hankali, mai yi wa wani kuma mai nutsarwa. Kalaman da ake faɗa a tsakiyar zaman, waɗanda wasu likitocin Larabawa ke kira iha'i, kada mu aro, don kunnen Bahaushe zai jiyo wahayi. Waswasi kuma na Shaiɗan ne. Muna da ɗarsawa: abu ya ɗarsu a zuciya. Mai nutsarwa yana ɗarsa wa mutum cewa zafin ya ragu, shi kuma yana iya karɓa ko ya ƙi.

Na'ura ta karɓi wannan aiki da sauƙi saboda yawancinsa magana ce a jere. Ma'aunin da aka tsara a Jami'ar Harvard a 1962 don gwada saurin nutsewar mutane rukuni-rukuni, an saba gudanar da shi da muryar da aka naɗa. Gwaje-gwaje irin wannan sun nuna mutane sun bambanta: kaɗan ne ke nutsewa sosai, kaɗan ba sa nutsewa ko kusa, yawanci suna tsakiya. Yau akwai manhajar Reveri, wadda David Spiegel, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Stanford, ke cikin waɗanda suka kafa. Ita tana tambaya, tana sauraron amsarka, ta ci gaba bisa abin da ka ce. Akwai Nerva daga Ostireliya, ta masu ciwon hanjin nan da kowa a nan ke kira ƙaulun asabi. Wannan ciwo na cikin wuraren da hujjar ta fi ƙarfi, tun binciken Peter Whorwell a Manchesta a 1984, har hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce a duba wannan hanya ga wanda magani bai yi masa ba bayan shekara guda.

Duka sunansu manhajar nutsar da hankali. Wadda ke kunna murya kawai, mai naɗaɗɗiyar murya. Wadda ke tambaya tana jiran amsa, mai ba-ni-in-ba-ka. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce mata likitan waya. Likita yana kallon fuskarka, ya ga numfashinka ya canja ko hawaye sun zubo, ya tsaya. Manhaja ba ta san mai sauraronta yana da taɓin hankali ba, alhali irinsa bai kamata ya shiga wannan ba sai da izinin likitansa. Ba ta san kana tuƙi a hanyar Jidda zuwa Makka ba. Kuma duk wadda ta ce za ta tono maka abin da ka manta tun kana yaro, a guje ta, domin abin da mutum ya "tuno" a wannan hali yakan zama ƙirƙira, shi kuma ya rantse gaskiya ne.

Saura matakin ƙarshe, inda ake ƙirgawa a dawo da mutum. Ɗalibai sun rubuta "farkawa", wanda zai sake shigo mana da barcin da muka kora. Wanda ya nutse tasowa yake yi. A rubutun manhaja sai a ce: zan ƙirga daga ɗaya zuwa biyar, idan na kai biyar ka taso, ka buɗe idonka.