Matokarin bindiga yana watsa min harbi, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Amurka, duk Asabar nakan je filin koyon harbi da bindigata mai cin ƙaramin harsashin nan da ake kira .22 LR. Idan na ɗora ta a kan buhun yashi, harsashi biyar a yadi 50 kusan wuri ɗaya suke faɗawa, ba sa wuce faɗin inci ɗaya.

Sai na sayi matokari mai ƙafa biyu, mai araha, na ɗaura shi a ɗan ƙarfen da ake maƙala igiyar rataya. Tun ranar harbi ya watse, sama da ƙasa. Na zura takarda tsakanin bututun bindigar da robar da ke ƙarƙashinsa: tana wucewa sumul, amma da na danna bindigar gaba a kan matokarin sai takardar ta maƙale. A kan teburin siminti kuma ƙafafun tsalle suke yi. Notin da ke riƙe matokarin ma na ɗaure har na gaji, bayan harbi ashirin ya kwance.

Shin robar ce ke lanƙwasa, ko ni ne ban iya dannawa ba? In sa layin Picatinny (layin ƙarfe da ake ɗaura wa bindiga kayan haɗi a kai), ko in sayi matokarin kamfanin Harris kawai? Kuma wanda ke harbi a tebur da rub da ciki, matokari mai tsayin inci 6 zuwa 9 zai ɗauka ko mai 9 zuwa 13? Don Allah a taimaka.