Ina so in kai Hajiya ƙauyen Bourton ranar Asabar, gwiwarta za ta kai Lower Slaughter?

Maman Ikram: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyata ta zo mini wankan jego nan Oxford, yau wata biyu, saura mako uku ta koma Funtuwa. Shekararta 67, tana fama da ciwon gwiwa, amma a gida da ƙafarta take zuwa duba gonarta. Tunda ta zo daga ɗaki sai falo. Jiya na same ta tsaye a taga ta ce mini, "Wai su mutanen nan ba su da karkara ne? Ina suke noman?" Maganar ta tsaya mini a rai. Ba mu da mota, maigidan kuma yana aiki ranar Asabar. Niyyata mu hau jirgin ƙasa zuwa Moreton-in-Marsh, daga nan mu shiga bas mai lamba 801 zuwa Bourton-on-the-Water. An ce akwai hanyar ƙafa daga can zuwa Lower Slaughter, kamar mil ɗaya da rabi. Wanda ya taɓa bi ya faɗa mini don Allah: dattijuwa mai ciwon gwiwa za ta iya? Keken jariri zai wuce, ko in yi goyo? Ko mu tsaya a bakin rafin Bourton kawai?

Ɗan Zazzau a Sheffield: Wa alaikumus salam. Ki kawo ta Castleton kawai, ku hau dutsen Mam Tor. Mita 517 ne, kina kai wa sama za ki ga kwarin Hope gaba ɗaya. Sau huɗu na hau.

Anti Bilki: Malam, an ce maka tsohuwa mai ciwon gwiwa da jaririya, kana maganar hawan dutse? Maman Ikram, ni a ganina kantunan Bicester Village za ki kai ta, kusa da ku ne, ta yi tsarabar jikoki. Wace uwa ce za ta baro Funtuwa ta zo kallon ciyawa?

Sadiq Coventry: Ki dai isa kafin ƙarfe goma, in ba haka ba babu wurin ajiye mota. Fam 7 na biya.

Ummu Hanifa: Ta ce ba su da mota, Sadiq. Kuma ni fam 10 na biya a wani fili da ke bayan gari, cikin watan Agusta. Ƙanwata, na bi hanyar nan bara da surukata. Daga Bourton zuwa Lower Slaughter shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa babu gangara, yawancinta an zuba kwalta siririya ta ratsa tsakiyar fili. Wuri ɗaya ne mai tayar da hankali, inda za ku tsallake babban titin A429, motoci suna gudu sosai, ki riƙe hannun Hajiya. Mu da tsayawa da hutawa minti 50 muka yi. A can akwai rafin Eye, ruwan garau ana ganin tsakuwar ƙasa, da tsohon gidan niƙa mai dogon bututun hayaƙi na jan bulo da ƙaton gargare da ruwa ke juyawa. Surukata ta daɗe a tsaye a wurin, ta ce ashe su ma sun sha wahalar niƙa.

Alhaji Mamman, Birmingham: Ɗiyata, Allah ya raya, ya yi wa Hajiya albarkar tafiya. Shekarata 31 a ƙasar nan, bari in ƙara miki abin da za ki gaya mata. Titin da Ummu Hanifa ta ce ku tsallake, a kan tsohuwar hanyar Rumawa yake, Fosse Way, shi ya sa ya miƙe sak kamar an ja zare. Rafin da ya ratsa Bourton sunansa Windrush, kuma sunansa aka sa wa jirgin ruwan da ya kawo mutanen Karebiyan a 1948. Gadojin dutse biyar ne a kansa, gajeru, mafi tsufa ta 1654. Sunan Slaughter kuma kada ya tsorata ta, ba mayanka ba ce, tsohuwar kalmarsu ce ta wuri mai taɓo. In ta gaji ku shiga inda aka gina ƙauyen a ƙanƙance, kashi ɗaya cikin tara na girmansa, tun 1937 aka buɗe shi. Gidajen iya cinyar mutum.

Babarbare Mai Gaskiya: Alhaji, duk wannan tarihin bai amfane ta ba in saniya ta biyo su. Ku nemi Bafulatani ɗaya ku tafi da shi, ko ba komai zai yi musu magana da yarensu.

Jauro: Kai Babarbare, bawana, ka yi shiru. Shanun nan ko "hoi" ba sa ji, na gwada.

Abban Sultan: Kuna dariya, ni abin bai ba ni dariya ba. Maman Ikram, ki saurare ni. Watan Nuwamba shekara biyu da suka wuce na kai surukina wannan wurin, mutum mai shekara 72, farkon zuwansa Turai. Har Lower Slaughter lafiya lau, kamar yadda aka faɗa. Sai wani Bature ya ce mana zuwa ƙauyen Upper Slaughter mil ɗaya ce kawai, kada mu koma ba mu gani ba. Muka shiga fili. An yi ruwa kwana uku kafin nan. Baba yana sanye da shadda fara sabuwa da takalmi sau-ciki na fata. Ba mu yi nisa ba taɓo ya riƙe takalmin, ya zare ƙafa da safa kawai, garin ciro shi ya zame ya zauna daɓas. Ya dafa gefen shinge zai tashi, ashe ciyawar nan mai ƙaiƙayi ce a wurin, hannunsa ya yi luhu-luhu. Bai ce uffan ba. Wallahi da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Muka lallaɓa muka dawo, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna duhu ya rufa, ko Azahar ba mu yi ba saboda halin da kayansa suke ciki. Muka isa tasha bas ya tafi. Na kira masu tasi uku, biyu suka ce sai an yi musu magana tun da rana, na ukun ya zo bayan awa ɗaya, ya kalli rigar Baba ya ce sai na ƙara kuɗin wanke kujera. Fam 45 na ba shi zuwa Moreton. Dattijon nan yana rawar sanyi a bakin titi, yana ce mini "ba komai, ɗana." Har ya koma Gusau bai sake yarda ya fita da ni ba. Matata har yau in mun saɓa sai ta tuno mini.

Anti Bilki: Innalillahi. Kun ji ko? Da kanti aka kai shi da duk haka ba ta faru ba.

Sadiq Coventry: Fam 45 zuwa Moreton? An cuce ka. Fam 22 na biya a wannan tafiyar.

Abban Sultan: Da rana ka hau, da tsabtatattun kaya. Kada ka gwada abin da ba ɗaya ba.

Ummu Hanifa: Abban Sultan, Allah ya ba Baba haƙuri, amma ai labarinka bai saɓa wa nawa ba. Tsakanin Lower da Upper ne fili da taɓo da ƙofofin nan masu lilo da mutum ɗaya kawai ke shiga, keken jariri ba ya wucewa. Ita Lower ta tambaya. Kuma yanzu bazara ce, rana ba ta faɗuwa sai wajen tara.

Alhaji Mamman, Birmingham: Amma Upper Slaughter tana da nata abin. Tana cikin ƙauyuka 'yan kaɗan da duk mazan da suka tafi yaƙin duniya na farko suka dawo da ransu, na biyun ma haka. Ni na taka da ƙafata, ban faɗi ba.

Ɗan Zazzau a Sheffield: Alhaji, da girmanka, yaushe rabonka da wurin? Yanzu ranar Asabar Bourton kamar kasuwar Kwari ana gobe Sallah. Manyan motocin 'yan yawon buɗe ido ke juye mutane, ko wurin zama a bakin rafin ba za ta samu ba. Su kansu 'yan garin kuka suke yi.

Alhaji Mamman, Birmingham: Ɗana, lokacin da na fara zuwa can ba a yaye ka ba. Kai da ka ce a hau da tsohuwa kan dutse, kai ne za ka gyara mini magana?

Nas Likita: Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in yi maganar gwiwa tunda ita aka tambaya. Babu wanda zai iya ce miki za ta iya ko ba za ta iya ba daga nan. Ki gwada ta gobe: ku zaga unguwa minti 30 ba tsayawa, ki ga yadda za ta kwana. Zuwa da dawowa mil uku ne, dawowar ce ke kayar da mutum. Takalmi mai igiya, ba silifa ba. Kuma ki yi goyo ki bar keken, hannunki ɗaya na Hajiya ne.

Maman Ikram: Na gode Anti Nas, gobe za mu gwada. Kuɗin bas fa? Kuma karnuka? Hajiya ba ta son kare ko kaɗan.

Sadiq Coventry: Fam 2 ne kowane hawa.

Jauro: An mayar da shi fam 3 tun Janairun 2025. Katin rangwamen jirgi ma ya tashi daga fam 30 zuwa 35. Karnuka kam akwai su kamar me, kowane Bature da nasa, wasu ba igiya. Ɗaya ya lashe mini wando sai da na canza kafin La'asar.

Malam Habu: Ba sai ka canza ba. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa. Abin da muka karanta a gida ke nan.

Ɗan Zazzau a Sheffield: Limamin masallacinmu ya ce a wanke.

Malam Habu: Limaminku ba Bamalike ba ne. Ka tambaye shi. Maman Ikram, abin da zan ce ki kula da shi kifi da dankali ne: ki tambaya da wane mai suka soya, wasu da kitsen shanu suke yi, wasu kuma suna kwaɓa fulawar da giya. Gara ki ɗauki shayi a filas da dambun nama.

Ummu Hanifa: Ai da tafiyar da muka shirya bara ta yiwu, da iyayenmu duka sun ga wuraren nan cikin mutunci, da mota a tsaye tana jiransu. Mutum 16 suka rubuta suna.

Abban Sultan: Kada ki tayar mini da wannan. Ni na ba da kafin alƙalami na hayar motar daga aljihuna, fam 120. Mutum biyar suka turo kuɗi. Ana gobe tafiya saƙonni suka fara shigowa, wannan baƙi, wancan aiki, wani ko uzurin bai bayar ba. Kuɗin bai dawo ba.

Anti Bilki: Ni na faɗa tun farko ban da tabbas.

Abban Sultan: Kujera uku kika sa aka riƙe miki, Anti. Saƙon yana nan a wayata.

Sadiq Coventry: Ni na biya, kuma ba a mayar mini da nawa ba. Wa ke riƙe da lissafin?

Alhaji Mamman, Birmingham: Wannan ba maganar bainar jama'a ba ce. Ku same ni bayan Juma'a.

Maman Ikram: Mun zaga unguwa, minti 35, ta ce gwiwar da sauƙi amma ta shafa man zafi da daddare. Har yanzu ban sani ba ko akwai benci a kan hanyar da za ta zauna in ta gaji. Akwai wanda ya lura?

Sadiq Coventry: Alhaji, Juma'ar da ta wuce ma haka aka ce. Fam 25 ne nawa, da na matata 50 ke nan.