Dan Allah mazauna Abuja, ina mai ƙaramin albashi yake kama haya yanzu?

Ɗan Funtuwa:
Assalamu alaikum jama'a. An yi min canjin wurin aiki zuwa Abuja, ofis ɗinmu yana Garki. Albashina duk da alawus bai wuce dubu 220 ba, ga mata da yara biyu. Satin nan na zaga da wani ejan wallahi kaina ya ɗaure, ciki da falo a Gwarinpa ya ce miliyan biyu da wani abu, Kubwa ma ta haura miliyan, kuma wai bayan kuɗin haya akwai kashi 10 na ejan, kashi 10 na lauya, ga kuɗin ajiya wai ko za ka lalata musu wani abu, kafin ma a nuna maka gidan sai ka ba da na dubawa. Wasu sun ce in nufi Mararaba ko Masaka, wasu sun ce Suleja. Wanne ya fi? Sannan in taho da iyali ko in bar su gida tukuna?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam, Allah ya sa alheri ne ya kawo ka. Ni a Masaka nake, kuma zan gaya maka gaskiya, gida akwai sauƙi, da kuɗin ɗaki ɗaya a Kubwa sai ka samu ciki da falo mai kyau a nan har da canji. Amma sauƙin nan a hanya za ka biya shi. Duk wanda ke Mararaba, Ado, One Man Village, Masaka, kowa ta titin Keffi ɗin nan ɗaya zai bi ya ratsa Nyanya ya faɗa mahaɗar AYA, in ba ka fito bayan sallar asuba ba to ka shiga gosulo kenan, da yamma kuma haka za ka dawo a gajiye yara sun yi barci, sai Asabar su gan ka. Kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, ƙarshen 2024 ta haura dubu, kuɗin mota ya bi ta kuma ko mai ya ɗan sauka direbobi ba sa ji. Ɗauki biro ka yi lissafi, a ce dubu uku kake kashewa kullum zuwa da dawowa har da ɗan acaɓan da zai fito da kai titi, kwanakin aiki 22, dubu 66 kenan a wata, kusan dubu 800 a shekara. Mafi ƙarancin albashin ma da aka sa wa hannu a 2024 dubu 70 ne, ka ga mota kaɗai ta kusa cinye shi. Ka ɗora wannan a kan hayar kafin ka ce Masaka ta fi Kubwa arha. Suleja da Madalla ma labarin ɗaya ne, sai dai can abinci ya fi sauƙi.

Maman Afnan:
Malam ku maza haya da mota kawai kuke dubawa. Ka fara tambaya akwai ruwa a gidan? In babu burtsatse to kullum 'yan garuwa ne, mai yara biyu ga wanki ga wanka, kuɗin ba kaɗan ba ne. Ka tambayi mitar wuta ma, taku ce ku kaɗai ko ta haɗaka, don rigimar mitar haɗaka ta raba maƙwabta da yawa, kuma in layin Band A ne, wato rukunin da aka fi ba wuta, ka sani a Afrilun 2024 aka kai kowane yunit naira 225, an ɗan rage daga baya amma har yanzu kati kamar ana shan sa. Kar ka biya ba ka tambayi maƙwabta yadda wurin yake da damina ba, akwai wurare a Lugbe da ruwa ke shiga har ɗaki. Ni dai shawarata ka bar Hajiya da yara a gida ko wata shida ne ka san gari.

Injiniya:
Ƙanina matsalar daɗaɗɗiya ce. Tun da aka dawo da gwamnati daga Legas a 1991 cikin garin na manya ne, gidajen ma'aikata kuma zamanin Obasanjo aka sayar da su aka ce kowa ya karɓi kuɗin haya a albashi. Je ka Maitama, Asokoro, Guzape ka ga gidaje a kulle babu kowa sai maigadi, masu su ba su matsu ba, ba za su rage ko kwabo ba. A 2022 an kai ƙudiri majalisar dattawa kan a rinƙa biyan haya wata-wata, har yau shekara ake karɓa, wani ma biyu. Abin da zan ja kunnenka a kai, in aka nuna maka gida mai arhar ban mamaki a unguwannin da ba su da takardu, ka yi hattara, ranar da motar rusau ta zo ba wanda zai mayar maka da kuɗinka. Kuma kar ka tura wa ejan sisi sai ka ga mai gidan ido da ido an ba ka rasit. Ni da ni ne, Kubwa ta ciki ko Dutse Alhaji zan duba, titin ya fi faɗi.

Auwal Gwagwa:
Maman Afnan ban yarda da ke ba a nan, barin iyali a gida tukunya biyu ce fa, ga kuɗin motar Funtuwa duk ƙarshen wata. Sai dai in zai raɓa wurin aboki ya tara. Kuma yallaɓai in dare ya yi maka a Berger ko Area 1 kar ka shiga motar da ba ta tasha ba don ta fi arha, 'yan wan cans, ɓarayin nan masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi a mota, suna nan.

Ɗan Funtuwa:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Akwai ɗan garinmu a Dei-Dei da ya ce in zauna wurinsa zuwa bayan sallah. Injiniya, Dutse Alhajin nan ta wane ɓangare ne ruwan famfo yake zuwa, kuma daga can mota nawa zan hau zuwa Garki?