Neman shawara: na sa sabon katin fitarwa na DC a PLC (kwamfutar da ke sarrafa inji), fitila tana kunnuwa amma bawul ya ƙi motsi

Sabon Hannu: Assalamu alaikum manyanmu. Don Allah a taimaka mini, hankalina ba a kwance yake ba. Ina aiki a wata masana'anta da muke cika kwalabe. Injiniyan da ya koya mini aiki ya ajiye aikin bayan sun samu saɓani da maigida, ya tafi bai bar zanen fanel ko guda ba, yanzu ko na kira shi ba ya ɗagawa. Sai aka dawo ni ake kallo. Shi maigida gani yake tunda na daɗe ina riƙe wa mutumin kayan aiki to komai na sani, in na ce ban iya ba wani zai ɗauko daga waje, ni kuwa da aikin nan nake riƙe da iyali.

Tsohon katin fitarwarmu, wato katin da ke kunna kaya ya kashe bisa umarnin PLC, na rile ne (makunnin da wuta ke motsa shi). Bawul-bawul ɗin iska suna buɗewa suna rufewa ba hutu, har rile ɗin suka gaji, wasu suka fara mannewa. Aka sayo sabon kati na tiransisto, 24V DC, mai ƙofa 16 (wuraren da wuta ke fita zuwa kaya). Na kashe wuta, na cire tsohon, na ɗaura sabon, na mayar da kowace waya a lambarta kamar yadda na same ta. Yanzu bawul 8 ɗin, fitilar kati tana kunnuwa amma ko ƙas ba sa yi. In na sa mita a bakin wayar 24V take nunawa, ko na kunna ko na kashe. Kwantakta 3 (manyan rile masu kunna kaya masu jan wuta sosai) suna aiki, amma da zarar biyu sun kama tare sai fitilun da ke nuna saƙon da ke shiga PLC su ƙifta, injin ya tsaya. Katin ne lalatacce ko yaya? Maigida ya ce kar a wuce makon nan.

Mai Gyaran Fanel: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, katin ya ƙone. Tiransisto in ya mutu yawanci a kunne yake mutuwa, shi ya sa kake ganin 24V kullum. Kwayil ɗin bawul, wato naɗin wayar da ke jan sa, idan an yanke masa wuta yakan mayar da wata wuta mai ƙarfi baya, ita ke cinye ƙofar. Ka mayar wa wanda ya sayar muku, in an kawo wani ka sa dayod (mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) 1N4007 a kan kowane kwayil, gefen mai zoben fari ya kalli fozitif.

Injiniya Tsohon Hannu: Kar ka mayar da komai tukuna. Malam Mai Gyaran Fanel, in ƙofar ta mutu a kunne ai da bawul ɗin ya kama ya ƙi saki. Shi kuwa cewa ya yi ba ya motsi sam. Ƙofa 8 kuma ba sa mutuwa rana ɗaya tun kafin su ja kaya.

Ƙanena, saurara da kyau. Rile makunni ne kawai, ba ruwansa da inda wuta ta fito, duk ta inda ka ba shi zai wuce da ita. Tiransisto ba haka yake ba, hanya ɗaya yake bi. Akwai mai tura fozitif zuwa ga kaya, shi ne PNP, ɗaya ƙafar kwayil ɗin tana kan 0V. Akwai mai jan kaya zuwa 0V, shi ne NPN, ɗaya ƙafar kwayil ɗin tana kan +24V. Abin da nake gani, wanda ya haɗa fanel ɗin nan tun farko ya ba bawul-bawul ɗin +24V a haɗe, rile yana yanka ɓangaren negatif. Kai kuma ka kawo kati PNP. To kati ya tura 24 ta nan, ga 24 ta can, kwayil ba ya ganin bambancin komai, ta ina zai motsa? Ita 24 ɗin da kake gani a kashe ba daga kati take ba, ta cikin kwayil ta biyo ta dawo maka. Fitilar kuwa a katuna da yawa umarnin manhaja kawai take nunawa, ba shaida ba ce cewa wuta ta ratsa kaya.

Ka ɗora mita a kan ƙafafun kwayil ɗin guda biyu, ba tsakanin waya da 0V ba. Sannan ka turo mana lambar katin. In Allen-Bradley ne, 1769-OB16 mai turawa ne, 1769-OV16 mai ja ne, harafi ɗaya ya raba su. A Mitsubishi FX, MT/ES mai ja ne, MT/ESS mai turawa. SM 1222 na Siemens S7-1200 mai 24V DC wanda aka fi sani mai turawa ne. Ba tare da lamba ba duk hasashe muke.

Sabon Hannu: Na gode Injiniya, Allah ya ƙara girma. Amma ranka ya daɗe ban taɓa wayoyin can wajen bawul ba, yadda suke shekara da shekaru suna aiki haka na bar su. Kuma kwantakta ai suna kamawa a kan wannan katin dai, da haɗin ne ba daidai ba da su ma ba su kama ba. Shi ya sa na fi zargin katin.

Injiniya Tsohon Hannu: Rashin taɓa su ɗin shi ne maganar. Katin rile rukuni-rukuni yake, kowane rukuni da wayarsa ta haɗaka, ana iya ba wannan fozitif a ba wancan negatif. Kwantakta suna rukunin da ya dace da sabon katin, bawul suna wanda bai dace ba. Ka auna abin da na ce?

Ɗan Shif Ɗin Dare: Wallahi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan a aikin nan. Masu sayayya a ofis su zauna su zaɓo kaya ba su tambayi wanda zai ɗaura ba, in abu ya ƙi sai a ce ma'aikaci ne bai iya ba. Ni an taɓa kawo mini kati NPN alhali duk fanel ɗin PNP ne, na ce a canza aka ce ai an riga an biya. Haka na kwana ina juya wayoyi, da gari ya waye ko sannu babu. Su kuma manyan da ke tafiya da zane a aljihu, Allah ya shirye su. Ka yi haƙuri ɗan'uwa.

Hajiya Mai Otomeshin: Ba wanda ya taɓo maganar tsayawar injin. Malam, daga ina ka ɗauko 24V ɗin da ka ba L+ na katin, wato bakin da fozitif ke shiga masa?

Sabon Hannu: Hajiya, daga jikin CPU ɗin, wato ƙwaƙwalwar PLC, akwai inda aka rubuta 24V na fita. Nan ya fi kusa, kuma na auna, 24 cif yake bayarwa.

Hajiya Mai Otomeshin: Ga ta nan. Wannan wutar ta sansa ce, wato ƙananan na'urorin da ke gaya wa PLC halin da inji ke ciki, ba ta jan kwayil ba. A CPU 1214C na Siemens misali 400mA ce gaba ɗayanta. Kwantakta biyu suna kamawa wutar ta faɗi, sansa su ɗauke, manhaja ta ga kamar an buɗe ƙofar inji ta tsayar da komai. Ka yi lissafi: kwayil mai 6W a kan 24V yana jan 0.25A, guda 8 sun zama 2A, ban da kwantakta. Ka ba katin wuta daga fawa saflai ta waje mai isasshen ƙarfi, ka haɗa 0V ɗinsu wuri guda, amma fozitif ɗinta kar ya haɗu da na sansa. Ka sa fis a kan L+ na kowane rukuni, don ba kowane kati ne ke da kariyar shot (haɗuwar fozitif da negatif kai tsaye) a cikinsa ba. Ka kuma duba takardar katin, da yawansu 0.5A ce iyakar ƙofa ɗaya, kuma akwai iyakar rukuni daban.

Mai Gyaran Fanel: Duk wannan doguwar hanya ce. Ka jera ƙananan rile a tsakanin kati da kaya, kati ya ja rile, rile ya ja bawul. Ba sai ka juya waya ko ɗaya a waje ba, in wani abu ya ƙone rile ne, ka zare ka cusa wani.

Injiniya Tsohon Hannu: To me aka yi ke nan? Gajiyar rile ce ta sa aka sayo tiransisto, ka ce ya koma wa rile? A kwantakta na yarda, a sa rile a tsakani. A bawul mai bugawa ba dare ba rana ban yarda ba. Waya ɗaya ce fa zai ɗauke daga +24V ya mayar 0V. Sai dai ya duba filogin bawul ɗin, in akwai fitila da dayod a ciki dole ya juya ƙafafun, in ba haka ba dayod ɗin zai zama shot a bakin ƙofar. Dayod ma ba ko'ina nake so ba, yana jinkirta sakin kwayil, a injin cika kwalba za ka ga ruwa yana ɗiga bayan an rufe. Ni ko a kwanakin baya na je gyaran wani fanel da yara suka cika da dayod ba lissafi, wasu a juye, sai da na kwance rabinsa. Yanzu kowa ya kalli bidiyo biyu sai ya ce shi injiniya ne.

Hajiya Mai Otomeshin: Injiniya, jinkirin nan ana magance shi da zena ko baristo, wato wasu kayan kariya masu barin kwayil ya saki da sauri, ba a barin kwayil tsirara. Kariyar da ke cikin kati tana da iyaka idan bugun ya yi yawa.

Sabon Hannu: Manyana na gode ƙwarai, amma kaina ya ƙara ɗaurewa. Wannan ya ce rile, wancan ya ce a'a. Ni dai ban yi komai da ka ba, lamba-lamba na bi, kuma wutar CPU ɗin nan na ga tsohon injiniyanmu yana ɗiba daga nan. Maganar sabuwar fawa saflai maigida ba zai saurare ni ba, zai ce da can da me ake aiki. Na yi magana da mai kayan, ya ce zai ba mu wani katin mu gwada. In shi ma ya ƙi sai in duba wayoyin.

Ɗan Shif Ɗin Dare: Kafin ka ɗaura na biyun ka karanta abin da aka rubuta a jikin kwayil ɗin kowace kaya da ke kan tsohon katin. Katin rile yakan ɗauki 220V AC a wani rukuni. In akwai irin wannan wayar a cikin waɗanda ka mayar, kar ka kunna.

Injiniya Tsohon Hannu: Ƙanena, ko kati goma za a ba ka amsar ɗaya ce. Ka auna kan kwayil ɗin? Kuma har yanzu ba ka turo lambar katin ba.