Wa ke da ikon mayar da fulotin zama masana'anta a tsakiyar unguwa, ƙaramar hukuma ko jiha?

Malamin Firamare:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina zaune a wani ƙaramin gari wanda shi ne hedikwatar ƙaramar hukumarmu, kuma unguwarmu awon gwamnati ce, ba awon igiya ba, domin kowane fuloti yana da lambarsa da duwatsun iyakarsa, takardun da iyayenmu suka bar mana kuma sun nuna cewa don gina gidan zama aka ba su. A bara magadan wani maƙwabcinmu suka sayar da kangonsa da ke bakin kwana, wanda ya saya kuwa bai gina gida ba. Ya haƙa rijiyar burtsatse, ya kafa injinan yin ruwan leda a ciki, sannan ya jera shaguna biyar a gaba, waɗanda dandamalinsu ya hau kan magudanar ruwan layin har ya rufe ta ruf da siminti.

Tun daga lokacin janareta ba ya hutawa sai bayan sallar isha'i, motocin ɗaukar ruwa sun farfasa kwalbatin da ke mashigar layi, ruwan wankin tankuna kuma yana kwanciya a ƙofar gidaje uku, ciki har da nawa. Da damina ta kankama ruwan sama ya rasa hanya, ya shigo zaurena har ya jiƙa mini buhu biyu na masara. Bolar da ke bayan shagunan ta cika da ledoji, kuma babu wanda ya zo kwashe ta.

Mun kai kuka wurin mai unguwa, ya kira mutumin, shi kuma ya fito da wata takarda mai hatimin ƙaramar hukuma tare da rasit na kuɗin da ya biya, ya ce hukuma ta yarje masa. Da muka je sakatariya aka ce mana maganar fili ta jiha ce, da muka je ofishin tsara gari na shiyya kuma aka ce maganar kwata da shara ta ƙaramar hukuma ce. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su gaya mana ko wannan takarda ta isa ta mayar da fulotin zama wurin sana'a, da kuma ƙofar da ya kamata mu ƙwanƙwasa.

Tsohon Safiyo:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kiyaye gaba. Na yi shekaru ina aikin awon filaye kafin in yi ritaya, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne, duka ofisoshin biyu sun faɗa maka gaskiya, sai dai kowannensu rabinta ya faɗa.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sanya dukkan ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna a matsayin amana, sannan ta raba kulawa gida biyu. Filin da ke yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni yana ƙarƙashin gwamna kai tsaye, wanda ke wajen wannan yanki kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin mallakarsa na gargajiya, har zuwa hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo ba tare da neman amincewar gwamna ba. Kalmar birni a nan ba ta da ruwa da girman gari ko yawan benayensa, sanarwar gwamna ce kawai take tabbatar da ita, kuma jihohi da yawa sun sanya hedikwatocin ƙananan hukumominsu a cikin wannan sahu. Tunda ka ce unguwarku awon gwamnati ce mai lambobin fuloti, kusan babu shakka filin na ƙarƙashin jiha ne, ciyaman da kansiloli ba su da hurumin sauya manufarsa ko da sun so.

A kan kowace takardar shaidar mallaka akwai wurin da aka rubuta abin da aka ba da filin dominsa, ko zama, ko kasuwanci, ko masana'anta, ko makaranta. Mai son sauyawa sai ya rubuta takardar neman izini ga ma'aikatar filaye ko hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta jiharsa, irin KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, ita kuma ta nemi ra'ayin hukumar tsara birane, irin KNUPDA ko KASUPDA. Jami'ai za su zo su duba faɗin hanya, da inda ruwa zai bi, da wurin tsayawar motoci, da abin da sana'ar za ta jawo wa maƙwabta. In an amince ya biya kuɗin sauyi, sannan ya kai zanen sabon ginin a buga masa hatimi kafin ya ɗora bulo ko ɗaya. Saɓa sharaɗin da ke kan takarda yana cikin dalilan da sashe na 28 na dokar ya ba gwamna damar soke mallaka a kansu, shi ma cinikin da magada suka yi sashe na 22 ya ce sai da amincewar gwamna yake cika, ko da yake mun san yawancin cinikin gidaje a garuruwanmu a gaban dillali da shaidu yake ƙarewa.

Takardar da aka nuna muku kuwa, ban gan ta ba, amma zan yi mamaki idan ta wuce izinin buɗe shago ko lasisin sana'a, wanda sashen tara kuɗin shiga ke yanka duk shekara. Wannan takarda halal ce a muhallinta, sai dai ba ta magana a kan fili. Haka lambar NAFDAC da za ku gani a jikin ledar ruwan, shaida ce ta ingancin abin sha da tsaftar wurin da ake yin sa, ba ta ba kowa izinin hawa kan magudanar ruwa ba. Na sha ganin mai gini ya tara irin waɗannan takardu a cikin fayil mai kauri ya shimfiɗa wa mai unguwa, ganin hatimi barkatai kuma sai ya sa kowa ya yi shiru, alhali takarda ɗaya da ake nema babu ita a ciki.

Dokar tsara birane ta 1992 ta so a ce kowace ƙaramar hukuma tana da hukumar tsara gari tata, amma a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta ce tsara birane aikin jihohi ne, kuma a aikace jihohi sun riƙe shi a hannun hukumominsu. Shi ya sa ƙaramin gari irin naku yake dogara da ofishin shiyya mai ma'aikata ƙalilan, waɗanda sau da yawa sai gini ya kai linta suke jin labarinsa. Shawarata ita ce ku raba kokenku biyu a rubuce. Na farko ya tafi hukumar tsara birane, da lambar fulotin da hotuna, kuna tambaya ko an ba da izinin sauya manufa da amincewar zane. Na biyu ya tafi sakatariya a kan magudana da bola. Kowanne ku riƙe kwafinsa, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata.

Tsohon Kansila:

Na yarda da bayanin Baba Safiyo, amma ina so in ƙara abin da na gani daga cikin sakatariya a zangon da na yi ina wakiltar mazaɓata. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, kuma a ciki akwai gina tituna da magudanan ruwa da kula da su, da fitilun kan titi, da kwashe shara, da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu, da sa ido a kan shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi. Saboda haka wanda ya ce maka babu ruwan sakatariya ya kauce wa aikinsa ne, domin toshe magudana laifi ne a kan dukiyar ƙaramar hukuma ko da mai ginin yana da takardar jiha a hannu. Mutumin da za ku nema shi ne shugaban duba-gari a sashen lafiya. Yana da ikon zuwa ya gani da idonsa, ya ba da takardar gargaɗi mai wa'adi a kan ruwan da ke kwanciya da sharar da ake tarawa, in wa'adi ya cika ba a gyara ba ya kai mai wurin gaban majistare. Wannan hanya ta fi ta fili sauri nesa ba kusa ba.

Amma fa kada ku sa rai cewa gobe za a turo tifa da lebura. A ƙa'idar rabon arzikin ƙasa ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.6 cikin ɗari, sai dai sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulki ya sa kuɗin ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma a zamanina bayan an cire albashin malaman firamare da na ma'aikata da sauran abubuwan da ake yanka tun daga sama, abin da ke isowa bai taka kara ya karya ba. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma haramta tafiyar da su ta hannun kantomomin riƙo, amma hukunci daban, kuɗi a asusu daban.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a wannan tsari shi ne, kuɗin sauya manufar fili jiha ke karɓa, kwalbatin da motocin masana'antar za su fasa kuwa ƙaramar hukuma ake zagi a kansa, kuma ba a tambayar ra'ayinta kafin a sa hannu. Mu ma muna da namu laifin, domin mai yankan rasit abin da aka ɗora masa ya tara yake kallo, ba ya ɗaga kai ya ga a kan me aka gina shagon. Ku ja kansilanku a jiki, ku sa shi ya gabatar da maganar a zaman majalisa don ta shiga rubutaccen bayanin zama.

Maman Khalifa:

Malam, ina taya ka jajen masararka, amma ina da tambaya ɗaya: rusau kuke so ko gyara? A garinmu an yi irin wannan da wani gidan burodi da aka buɗe a layinmu, maza suka fusata suka ce sai an tashe shi, mu mata kuwa muna ganin yaranmu bakwai da suka samu abin yi a wurin, ga burodi mai zafi a ƙofar gida. Garuruwanmu suna girma, awon da aka yi tun zamanin iyayenmu bai ware wa ƙananan sana'o'i wuri ba, kuma wanda aka kora daga cikin gari babu wuta babu hanya a inda za a ce ya koma. A ƙarshe hakimi ya zaunar da mu, aka rubuta cewa mai burodin zai ɗaga bututun hayaƙinsa sama da rufin maƙwabta, zai daina sauke itace a kan hanya, kuma zai riƙa biyan mai kura yana kwashe toka da shara. Shekara uku ke nan ba mu sake jin kanmu ba. Ba ina cewa ku bar haƙƙinku ba ne, amma jan fenti a bango ba ya fitar da ruwa daga zaure.

Tsohon Safiyo:

Hajiya ta kawo magana mai kyau, kuma dokar kanta ba ta hana sassauci ba, domin hukuma tana iya ba da izini da sharuɗɗa maimakon ta ƙi gaba ɗaya. Gyara ɗaya zan yi. Yarjejeniyar da aka yi a gaban hakimi tana ɗaure wanda ya sa hannu ne kawai, ranar da ya sayar wa wani sai ku koma farko. Idan kun daidaita, ku kai kwafin ga hukumar tsara birane ku nemi a sanya sharuɗɗan cikin izinin da za ta ba shi. Dandamalin da ke kan magudana kuwa ba abin sulhu ba ne, domin ba filinsa ba ne balle ku yafe masa, dole a fasa shi a sa murfi mai ɗaguwa yadda za a iya yashewa. In wata biyu suka wuce babu amsa daga ofisoshin, Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a tana da ofishi a kowace jiha kuma ba a biyan ko kwabo.

Malamin Firamare:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya da daddare na koma wurin mai unguwa na roƙi a sake nuna mini takardar, na karanta ta da fitilar waya, kuma kamar yadda Baba ya yi hasashe, izinin gudanar da sana'a ne na shekara ɗaya, babu ko lambar fuloti a jikinta. Magidanta goma sha ɗaya sun sa hannu a kan koke biyun, biyu sun ƙi saboda 'ya'yansu suna aiki a wurin, kuma ban ga laifinsu ba. Mun yi shawara ba za mu nemi a rufe masana'antar ba, za mu nemi a buɗe magudana, a gyara kwalbati, a haƙa ramin da ruwan wanki zai riƙa shiga, a kuma mayar da janareta bayan gini. Ranar Litinin ni da limamin layinmu za mu fara da ofishin duba-gari, kansila kuma ya ce zai same mu a can da ƙarfe goma.