Aikin kammala digiri: na'urar auna zurfin ruwa da sauti, ko nazarin saƙonnin Facebook?

Ɗan_Gwammaja:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina aji biyar a injiniyancin lantarki, kuma ƙarshen watan nan za mu miƙa taken aikin kammalawa. Malamina ya ajiye mini abu biyu ya ce in zaɓa. Na farko, in haɗa na'urar da za ta aika sauti ƙasan ruwa, ta jira amsa-kuwwarsa, ta faɗi zurfi. Na biyu, in tattara abin da mutanen Kano ke rubutawa a Facebook da X lokacin damina kan kwatocin da suka toshe da unguwannin da ruwa ya ci, in fitar da taswira.

Raina na kan na farko. Tun da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri nake tunanin yawan laka da yashin da suka kwanta a ƙasan Tiga da Challawa. Amma abokaina sun dage cewa na biyun ya fi sauƙi, kwamfuta ce da data kawai. Abin da ke hannuna Arduino ɗaya ne (ƙaramin allon kwamfuta mai sarrafa na'urori) da JSN-SR04T, na'urar auna tazara da sauti mai jure ruwa da na sayo a Sabon Gari. Na tsoma ta a duro, lambobin da take ba ni shirme ne zalla. Masu sani a taimaka.

Baban_Hafsat:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, na'urarka lafiyarta lau, don iska aka ƙera ta. Lissafin da ke tare da ita ya ɗauka sauti na gudun mita 343 a daƙiƙa, alhali a ruwa yana yin kusan 1,500, ninki huɗu da ɗoriya. Sannan akwai ɗan lokacin da kan na'urar ke ci gaba da karkarwa bayan ta aika sauti, a lokacin ba ta jin komai. A iska wannan makantar tazarar santimita 20 zuwa 25 ce, a ruwa kuwa ta kai mita guda. Duronka nawa yake? Ka ga amsa ta dawo tun na'urar ba ta buɗe kunne ba, abin da kake karantawa sautin da ke ta bugun bangon duro ne.

Na yi shekaru ina safiyon ruwa a Neja da Binuwai. Lissafin ba wuya: gudun sauti sau lokaci, a raba biyu, tunda zuwa ne da dawowa. Zurfin mita 10 amsarsa na dawowa cikin milisakan 13 da 'yan kai. Inda gumi yake shi ne raba amsar gaskiya da hayaniya: injin kwale-kwale, kumfar da farfela ke tayarwa, garken kifi, ciyawar ƙasa. Laka mai laushi kuma shanye sauti take yi, amsar ta dawo a raunane. Shi ya sa na'urorin safiyo da yawa ke aiki da sauti iri biyu, mai sama wajen kilohaz 200 (karkarwa dubu 200 a daƙiƙa) da ke tsayawa a saman laka, da mai ƙasa wajen 30 da ke ratsa ta ya taɓo ƙasa mai tauri. Bambancin biyun shi ne kaurin lakar da kake tambaya. Zafin ruwa ma yana da ta cewa, kowane digiri ɗaya yana ƙara wa gudun kusan mita 3 a daƙiƙa, don haka ka haɗa da ma'aunin zafi.

Shawarata, ka nemi kan na'urar neman kifi ta kilohaz 200, ko tsohuwa ce, ka gina sashen aikawa da na karɓa da hannunka. Nan injiniyancin yake. Kada ka raina fannin. Masanin kimiyya Paul Langevin ya faro shi da dutsen kwaz a Faransa lokacin yaƙin duniya na farko don neman jiragen ƙarƙashin teku, kuma har gobe babu abin da ya maye gurbin sauti, domin siginar rediyo da GPS ba sa nisa a ruwa.

Hajiya_Data:

Baban Hafsat ya gama magana kan nasa ɓangaren. Ni dai abokanka nake so in yi wa gyara, don wanda ya ce na biyun sauƙi ne bai gwada ba kwanan nan. X sun rufe ƙofar ɗibar bayanai kyauta tun 2023, Meta mai Facebook kuma ta kashe CrowdTangle, manhajarta ta bibiyar saƙonni, a Agustan 2024. Ko ka samu saƙonnin, 'yan kaɗan ne ke ɗauke da alamar wuri, sai dai ka tsinto sunan unguwa daga cikin rubutu. Wani zai rubuta Kurna, wani "krn", wani ya ce "bayan gidan mai" ya yi gaba abinsa. Kuma mafi yawan kukan ambaliya a rukunonin WhatsApp ake yinsa da saƙon murya, inda ba ka da hanyar shiga.

Ba wai ba ya yiwuwa ba. A Jakarta an yi taswirar PetaJakarta a 2014, mutane na tura rahoton ambaliya ta Twitter yana hawa taswira nan take, amma da hannun hukumar agajin gaggawa ta birnin a ciki. A Hausa kuma akwai NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter na su Shamsuddeen Hassan Muhammad, da aka fitar a 2022, sai dai shi yanayin zuciyar mai rubutu yake aunawa, ba wuri ba. In kai ɗan lantarki ne, bar wa 'yan kimiyyar kwamfuta wannan.

Sarkin_Ruwa_Yauri:

Ni ba injiniya ba ne, masunci ne ɗan masunci. In ka haɗa abin ka kawo Yauri mu gwada, muna da gora da igiya mai dutse, za mu gaya maka ko ƙarya yake yi. Amma ka zo da rigar ruwa, ba ma ɗaukar ɗan birni haka nan.

Baban_Hafsat:

Sarkin Ruwa ai ka faɗi abin da muke yi kullum kafin fara aiki. Faranti na ƙarfe muke ɗaurewa da sarƙa mai alama, mu saukar da shi ƙarƙashin na'ura mita 2, mita 4, mita 6, muna duba ko karatunta ya yi daidai. Ɗan Gwammaja, ka sa wannan gwajin a babi na huɗu na rahotonka, masu jarraba ka za su tambaya.

Ɗan_Gwammaja:

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Gobe zan kai wa Malam na farkon. Baba, tambaya ɗaya ta rage: Arduino ɗina zai iya karanta siginar kilohaz 200 kai tsaye?

Baban_Hafsat:

Ba zai iya ba, Arduino Uno bai fi karatu dubu 10 a daƙiƙa ba a yadda ya zo. Ka ƙara wa siginar ƙarfi, ka tace ta, ka bi da ita ta dayod da kafasito su fitar maka da tudun amsar kawai, shi Arduino ya ƙirga lokaci. Zana da'irar a takarda ka ɗora hotonta a nan kafin ka sayi komai.